Haƙorin Ƙarshe da Kan Maƙale a Ƙuryar Baki

Daga cikin abubuwan da ke kai samari da 'yan mata asibitin haƙori akwai wani ciwo da kan tashi can ƙuryar baki, bayan duk sauran haƙora. Dasashi ya kumbura, baki ya ƙi buɗuwa sosai, haɗiya ta yi wuya, wani lokaci har kunne ya ɗauka. Bayan kwana huɗu ko biyar sai ya lafa, mai shi ya zaci ya rabu da shi ke nan. Wata biyu ko uku kuma sai ga shi ya dawo. Galibi tushen wannan wahala haƙori ɗaya ne, wato turmin ƙarshe, wanda ya taso zai fito bai sami wuri ba, ya maƙale. Magungunan haɗiya suna iya kwantar da zafin, amma ba su iya kawar da haƙorin daga inda ya maƙale. Wannan shi ne abin da ya kamata kowa ya fara fahimta.

Wane haƙori ne wannan?

Ɗan Adam yana yin haƙora sau biyu a rayuwarsa. Na ƙuruciya guda 20 ne, suna fara tsirowa yaro yana kimanin wata 6. Idan ya kai shekara 6 sai ya shiga famfara, na dindindin su riƙa maye gurbinsu, har su cika 32. A kowane gefe na baki, sama da ƙasa, akwai manyan turame uku waɗanda ake tauna da su. Na farko yana fitowa wajen shekara 6, na biyu wajen shekara 12, na uku kuwa yakan yi jinkiri sai tsakanin shekara 17 da 25. Saboda wannan jinkiri ne Turawa suke kiransa haƙorin hankali, don sai mutum ya mallaki hankalinsa yake zuwa. A ƙasar nan an sha ganin yaran da nasu ya fito kafin shekara 17.

Cikakken adadin waɗannan haƙora huɗu ne, biyu a sama, biyu a ƙasa. Amma akwai mai uku, akwai mai biyu, akwai ma wanda Allah bai halitta masa ko ɗaya ba, kuma wannan ba cuta ba ce. Mutane da yawa nasu yakan fito daidai, su yi ta tauna da shi har tsufa. Waɗannan ba su da abin damuwa sai tsabta.

Wanda ya zo taro a ƙarshe shi ke rasa wurin zama. Haka abin yake ga wannan haƙori. Kafin ya taso, sauran 28 sun riga sun jeru, ƙashin muƙamuƙi kuma ya kusa gama girma. Idan filin da ya rage ya yi masa kaɗan, sai ya tokare da maƙwabcinsa ko da ƙashi. Masana da yawa suna ganin cewa abinci mai laushi da ake ci a wannan zamani yana da hannu a ciki, domin muƙamuƙin da bai sha tauna mai ƙarfi tun ƙuruciya ba bai cika yin faɗi ba. Gado ma yana da nasa rabo.

Maƙalewar iri-iri ce. Wani likitan haƙori na Amurka, George Winter, ya rarraba ta a shekarar 1926 bisa ga yadda haƙorin ya karkata, kuma har yanzu likitoci suna amfani da wannan rabo. Wanda aka fi gani shi ne wanda ya sunkuya gaba, kansa ya tokare turmi na biyu. Akwai wanda yake kwance sosai cikin ƙashi, akwai wanda ya karkata baya, akwai kuma wanda yake tsaye daidai amma nama ko ƙashi ya danne shi. Na ƙasa sun fi na sama maƙalewa, sun kuma fi ba da wahala.

Abin da ke kawo ciwon

Haƙorin da ke binne ɗungum cikin ƙashi, wanda ba shi da wata kafa zuwa cikin baki, sau da yawa yakan zauna shekaru aru-aru bai ce uffan ba. Mai fitina shi ne wanda ya leƙo da rabi. Irin wannan yakan kasance da wani ɗan lulluɓin dasashi a kansa, kamar murfi. Ƙarƙashin murfin nan akwai lungu wanda burbushin abinci ke shiga, asuwaki bai kai can, buroshi ma bai kai. Abincin ya ruɓe, ƙwayoyin cuta su yi gida, murfin ya kumbura. Da ya kumbura kuma sai haƙorin sama ya riƙa cizonsa duk lokacin da aka rufe baki, kumburin ya ƙaru.

Mai wannan hali yakan ji zafi a ƙuryar baki, da ɗanɗano marar daɗi, da warin baki wanda goge haƙori bai kawar da shi. Idan aka danna wurin mugunya na iya fitowa. Kaluluwa takan fito ƙarƙashin muƙamuƙi. Idan kumburin ya taɓa naman da ke motsa muƙamuƙi sai baki ya ƙi buɗuwa. Lafiyayyen mutum yana iya jera yatsunsa uku a tsaye tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. Wanda ya ga yatsa biyu ma da ƙyar suke shiga, to, ciwon ya wuce na jira.

Akwai wata ɓarna kuma wadda ake yi a ɓoye. Haƙorin da ya sunkuya ya tokare maƙwabcinsa yakan bar wani ɗan tsukukun wuri tsakaninsu, inda abinci ke taruwa. A hankali sai bayan turmi na biyu ya rube. Wannan babbar hasara ce, gama turmi na biyu haƙori ne mai aiki, shi ake tauna da shi kullum. Mutum ya yi ta haƙuri shekara da shekaru, ranar da ya je asibiti sai a ce haƙora biyu za a cire maimakon ɗaya. Wani lokaci kuma, ko da yake ba a cika gani ba, wata 'yar jakar ruwa takan taso kewaye da kan haƙorin da ke binne, ta riƙa girma tana cin ƙashi ba tare da zafi ba, sai hoto ne ke tona ta.

Wasu suna cewa wannan haƙori ne ke turo na gaba har su hau juna. Binciken da aka yi bai tabbatar da haka ba, kuma wannan kaɗai bai isa dalilin cire shi ba.

Alamun da ba a kwana da su a gida

Ciwon haƙori yana kisa. Mutane da yawa ba su yarda da wannan magana ba, amma likitocin manyan asibitocin ƙasar nan sun san ta sarai. Saiwoyin turaman ƙasa suna kusa da wasu sarari da ke ƙarƙashin harshe da cikin wuya. Idan mugunya ta sami hanya zuwa can, kumburi yakan bazu ƙarƙashin haɓa ta gefe biyu, ya yi tauri kamar katako, ya tura harshe sama da baya har ya toshe hanyar numfashi. Wani likita Bajamushe mai suna Ludwig ne ya bayyana wannan cuta a shekarar 1836, kuma da sunansa ake kiranta a littattafan likitanci. Tana iya ƙamari cikin kwana ɗaya ko biyu.

Saboda haka idan mai ciwon haƙori ya fara zazzaɓi mai zafi, ko kumburi ya sauka wuya ko ya hau wajen ido, ko ya kasa haɗiye yawunsa yana ta dalala, ko muryarsa ta sake, ko numfashi ya yi masa nauyi musamman idan ya kwanta, to, a kai shi babban asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a jira gari ya waye, kada a tsaya shafe-shafe. Masu ciwon sukari da masu juna biyu da waɗanda jikinsu ya raunana saboda wata cuta su ne wannan haɗari ya fi kusa da su.

Dabarun da ke ƙara ɓata al'amari

Zafin haƙori yana sa mutum ya gwada kome. Akwai masu ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi. Ba abin da take yi sai ƙona naman ya yi fari ya saluɓe. Akwai masu ɗiga ruwan batir ko fetur ko turare, akwai masu cusa garin taba ko kanwa. Duk waɗannan ƙuna suke ƙarawa a kan ciwo. Kanumfari yana ɗan kashe zafi na ɗan lokaci, wannan gaskiya ne, amma bai taɓa tushen cutar. Haka kuma babu wata tsutsa da ke zaune cikin haƙori. Mai turare ko hayaƙi da ya ce ya fitar da tsutsa ya nuna ta cikin kwano, kuɗin mutum kawai ya ci.

Abin da ya fi yawa a birane shi ne zuwa kemis a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin su amoksisilin da Flagyl, a sha kwana biyu, da an ji sauƙi a ajiye. Sauƙin yakan samu, shi ya sa dabarar take yaudara. Amma murfin dasashin yana nan, lungun yana nan, abinci kuma bai daina shiga ba. Wanda ya maimaita haka sau uku ko huɗu ya koya wa ƙwayoyin cutar jure maganin, ranar da ake bukatarsa da gaske sai ya ƙi aiki. Cire haƙori kuwa a wurin wanda ba likita ba ganganci ne: kayan aikin da ba a dafa su ba suna ɗaukar ciwon hanta da cutar ƙanjamau daga wani zuwa wani, ga karyewar saiwa, ga zubar jini.

Abin da likita zai yi

Da farko likitan haƙori zai yi tambayoyi, kuma wajibi ne a gaya masa gaskiya. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko sikila ko ciwon zuciya ya faɗa. Mai shan maganin tsinka jini ya faɗa, haka wanda jininsa ba ya saurin tsayawa idan ya ji rauni, da wanda wani magani ya taɓa yi wa borin jini. Mace mai ciki ta faɗa tun kafin a ɗauki hoto. Ciki bai hana a yi mata magani ba. Idan aikin ba na gaggawa ba ne an fi son yin sa tsakanin wata na 4 da na 6.

Daga nan sai a duba baki, a ɗauki hoton ƙashi. Akwai ƙaramin hoto mai nuna haƙora biyu ko uku, akwai kuma mai faɗi wanda ke nuna muƙamuƙi duka daga kunne zuwa kunne. Hoton shi ke nuna yadda haƙorin ya kwanta, da siffar saiwoyinsa, da kusancinsu da wata babbar jijiya da ke bi ta cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa.

Idan kumburin na farko ne kuma bai bazu ba, sau da yawa wanke ƙarƙashin murfin nan da likita zai yi ya isa, tare da maganin zafi da kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi. Ba kowane kumburi ne ke bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Likita yakan rubuta shi ne idan akwai zazzaɓi ko alamar bazuwa. Wani lokaci ma haƙorin sama mai cizon murfin shi ake cirewa, a sami sauƙi.

Shin duk haƙorin da ya maƙale sai an cire shi? A nan ƙasashe sun sha bamban. A Amurka an saba cire su tun mutum yana saurayi, ko da ba su yi ciwo ba, don gudun abin da ka iya zuwa. A Ingila kuwa, hukumar da ke ba asibitocin gwamnati shawara ta yanke a shekarar 2000 cewa a daina cire wanda ba shi da wata cuta, domin aikin kansa yana da nasa haɗari. Ga ƙasar da likitocin haƙori suka yi wa jama'a kaɗan, kuma yawancin mutane daga aljihunsu suke biya, hanya ta biyu ta fi dacewa, da sharaɗi ɗaya: wanda aka bar masa nasa ya riƙa komawa ana dubawa. Amma haƙorin da ya kumbura fiye da sau ɗaya, ko ya yi kumburi mai tsanani ko da sau ɗaya ne, ko ya rube, ko yana ɓata maƙwabcinsa, ko jakar ruwa ta taso a kansa, wannan maganinsa cirewa. Kuma cirewar ta fi sauƙi ga matashi, don ƙashinsa bai gama tauri ba, rauninsa kuma yana saurin warkewa.

Yadda ake cirewa

Tsoron zafi shi ke hana mutane da yawa zuwa. Wannan tsoro gadon zamanin da ne. Allurar kashe zafi da aka fi amfani da ita yau, wato lidoken, an ƙirƙiro ta a ƙasar Suwidin a shekarar 1943. Idan aka yi ta, cikin 'yan mintoci gefen muƙamuƙi da leɓe da rabin harshe sai su mutu murus. Mutum zai ji ana dannawa ana turawa, zai ji ƙarar inji, amma ba zai ji yanka ba. Idan ya ji zafi ya ɗaga hannu a ƙara masa. Yawancin aikin ido biyu ake yin sa a kan kujera, mutum ya koma gida ran nan. Sa barci sai ga aiki mai wuya ƙwarai.

Na sama galibi ba ya ɗaukar lokaci. Na ƙasa wanda ya kwanta shi ne ke bukatar ƙaramar tiyata. Likita zai tsaga dasashi ya ɗaga shi, ya kankare ɗan ƙashin da ya rufe haƙorin, sau da yawa ya raba haƙorin gida biyu ko uku ya fitar da shi gutsure-gutsure, don kada ya matsa wa ƙashi. Sa'an nan ya wanke ramin ya ɗinke. Aikin yakan ɗauki daga 'yan mintoci zuwa kimanin sa'a ɗaya.

Haƙƙin majiyyaci ne a gaya masa haɗarin aikin kafin a fara. Babba daga ciki shi ne taɓa jijiya. Idan saiwar ta manne da jijiyar nan ta cikin ƙashi, leɓen ƙasa da haɓa na iya yin kamar sun mutu bayan aiki. Wata jijiyar kuma da ke kusa tana iya sa gefen harshe ya yi haka. Yawanci jin yakan dawo cikin makonni ko watanni, kaɗan ne ƙwarai suke dawwama da shi. Inda hoto ya nuna haɗarin ya yi yawa, akwai dabarar yanke kan haƙorin kawai a bar saiwar a inda take. Maganar da ake yaɗawa cewa cire haƙorin sama yana raunana ido ba ta da tushe ko kaɗan.

Ƙwararrun wannan aiki ana samunsu a sashen tiyatar baki da muƙamuƙi na asibitocin koyarwa, kamar na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, da na Ibadan, da na Benin, da Asibitin Ƙasa na Abuja, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Manyan asibitocin jihohi da yawa ma suna da sashen haƙori, kuma idan aikin ya fi ƙarfinsu za su ba da takarda zuwa gaba.

Bayan an cire

Warkewa ta dogara ne a kan gudan jinin da ke daskarewa cikin ramin. Shi ne murfin ƙashi, a ƙarƙashinsa sabon nama ke tsirowa. Duk dokokin ranar farko don tsare shi aka yi su. Za a ba mutum auduga ya cije kamar rabin sa'a. Cikin sa'a 24 na farko kada ya kurkure baki da ƙarfi, kada ya yi ta tofar da yawu, kada ya tsotsi wurin ko ya taɓa shi da harshe ko yatsa. Mai alwala ya sa ruwan a hankali, ya bar shi ya zubo da kansa. Kada a sha abu mai zafi, kada a yi aikin ƙarfi. Yawu mai ɗan ja-ja ba abin tsoro ba ne. Idan jini ya ɓalle sosai, a naɗe tsumma mai tsabta a cije minti 20 ana zaune. In bai tsaya ba a koma asibiti.

Abinci sai mai laushi: kunu ko koko da ya huce, fura da nono, fate, ayaba, dafaffen ƙwai. Tsire da kilishi da gyaɗa da rake da goro sai a dakata musu tukuna. Taba sigari da shisha su ne manyan abokan gaban wannan rauni. A bar su aƙalla kwana uku, mako guda ya fi. Daga rana ta biyu sai a fara kurkure baki a hankali da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofin ruwan ɗumi, bayan kowane cin abinci, har kwana bakwai. Sauran haƙora kuwa a ci gaba da goge su kamar kullum.

Kumburin kunci yakan ƙaru a rana ta biyu da ta uku kafin ya fara saɓewa, baki kuma yakan yi nauyin buɗewa kamar mako guda. Wannan ba alamar ɓacin aiki ba ce. Farasitamol da ibufurofen sun isa ga yawancin mutane, sai dai mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda da mace mai ciki kada su sha ibufurofen sai da izinin likita. Zaren ɗinki wani yakan narke da kansa, wani kuma a kan cire shi bayan kimanin kwana bakwai.

Idan kuwa zafi ya lafa, sa'an nan a rana ta uku ko ta huɗu ya dawo da ƙarfi, yana zugi har cikin kunne, baki yana wari, to, mai yiwuwa gudan jinin nan ne ya zube ya bar ƙashi a fili. An fi ganin haka a turmin ƙasa, kuma ya fi samun masu shan taba. Ƙarin ƙwayoyi daga kemis ba sa yi masa kome. Likitan da ya yi aikin zai wanke ramin ya cusa masa magani, zafin yakan sauka a ranar, a wasu lokuta kuma a kan sake sabunta maganin bayan kwana biyu ko uku.